TARIHI: Mary Kingsley, Baturiyar da ta hau Dutsen Kamaru, ta dawo ta ja daga da masu mulkin mallaka

Duk wanda ya zauna a Fatakwal ya san ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya. Daga Diobu har bakin ruwan Bonny babu tudun da zai sa mutum haki, sai koguna da fadamu da itatuwan da saiwoyinsu ke tsaye cikin taɓo. Haka gaɓar teku take har zuwa Kalaba. Amma idan matafiyi ya shiga jirgin ruwa daga Kalaba ko Oron ya nufi gabas, kafin ya isa garin Limbe zai ga ƙasa ta miƙe daga bakin teku ta shige cikin gajimare. Wannan shi ne Dutsen Kamaru, dutse mai aman wuta, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 4,040. Babu kamarsa a duk gaɓar yammacin Afirka. Dutsen Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, bai wuce mita 2,419 ba.

A watan Satumba na 1895, wata Baturiyar Ingila mai shekara 32 a duniya ta hau wannan dutse har ƙololuwarsa, cikin damina, sanye da doguwar rigar matan Landan na wancan zamani. Sunanta Mary Henrietta Kingsley. Ita ce mace ta farko da tarihi ya rubuta ta kai can. Hawan dutsen shi ya fara sa jaridu suka san da ita, amma abin da ya sa sunanta ya zauna shi ne gardamar da ta yi da jami'an gwamnatin ƙasarta a shekaru biyar da suka rage mata, a kan yadda suke zaune a ofis suna tsara wa mutanen da ba su sani ba dokoki da haraji.

Haihuwarta da tasowarta

An haifi Mary Kingsley ranar 13 ga Oktoba, 1862, a unguwar Islington ta birnin Landan. Mahaifinta, George Kingsley, likita ne da ya shafe yawancin rayuwarsa yana rakiyar attajirai yawon duniya, sai ya yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, bai leƙo gida ba. Ɗan'uwan mahaifinta, Charles Kingsley, shahararren marubuci ne kuma malamin coci. Mahaifiyarta, Mary Bailey, ta daɗe tana fama da rashin lafiya, don haka ɗawainiyar gida ta faɗa kan 'yar tun tana ƙarama.

Ba a sa ta makaranta ba. Ƙanenta Charles aka kashe wa kuɗi har ya shiga Jami'ar Cambridge, ita kuwa darasin Jamusanci kaɗai aka biya mata, shi ma don ta taimaka wa mahaifinta fassara littattafan da yake bukata a bincikensa kan addinai da al'adun mutane. Sauran iliminta a ɗakin karatun mahaifin ta tsince shi, daga littattafan kimiyya da na matafiya.

A 1886 iyalin suka koma Cambridge, ita kuma ta ci gaba da jinya. Mahaifinta ya rasu a watan Fabrairu na 1892, mahaifiyar ta bi shi a watan Afrilu na shekarar. Ta kusa cika shekara 30, ba ta yi aure ba, ba ta taɓa riƙe wani aiki a wajen gida ba. Gādon da ya faɗo mata ya ɗan haura fam 4,000. Da shi ta fara zuwa tsibiran Canary don ta huta, a can kuma ta haɗu da 'yan kasuwar da ke safara zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ta ji labarin manja da zazzaɓi daga bakin waɗanda suka gani da idonsu.

Tafiyar farko da zaman Kalaba

A watan Agusta na 1893 ta shiga jirgin dakon kaya daga Liverpool. Ta sauka Saliyo, ta bi gaɓar teku, ta tsaya Bonny, ta wuce har Luanda ta ƙasar Angola, ta kuma zauna a Cabinda. A lokacin babu garin Fatakwal. Sai a 1912 aka fara share wurin, a 1913 aka raɗa masa sunan Lewis Harcourt, don a samu tashar da za a riƙa fitar da kwal ɗin Inugu. Bonny ce babbar mashigar kogin a zamanin da ta zo, cike da gangunan manja, kuma ta yi ƙaurin suna wajen cinye Turawa da zazzaɓi.

Abu biyu ta ce sun kawo ta: tattara kifayen koguna don masana kimiyya, da nazarin addinai da dokokin gargajiya don ta ƙarasa aikin da mahaifinta ya bari. Ta koma gida bayan kimanin wata biyar da kifaye da ƙwari a cikin kwalabe. Dokta Albert Günther, masanin kifi a babban gidan tarihi na Birtaniya, ya gamsu da abin da ta kawo, ya ba ta kayan aiki na ƙwararru.

Ranar 23 ga Disamba, 1894, ta sake tasowa, wannan karon tare da matar Sir Claude MacDonald, babban jami'in da ke mulkin gaɓar Neja daga hedikwatarsa a Kalaba. Isarsu ke da wuya sai rikici ya ɓarke. Ranar 29 ga Janairu, 1895, Sarki Koko na Nembe ya jagoranci mayaƙansa cikin kwalekwale suka afka wa sansanin Kamfanin Royal Niger da ke Akassa, a Jihar Bayelsa ta yau. Kamfanin ya toshe wa mutanen Nembe kasuwannin da kakanninsu ke ci, ya ɗora musu lasisi da kuɗin fito da ba za su iya biya ba, sun yi ta kai kuka ba a saurare su ba. Sojojin ruwan Birtaniya suka mayar da martani da ƙona Nembe a watan Fabrairu. Kingsley tana Kalaba duk wannan ya faru, kuma shi ne karo na farko da ta ga inda dokar da aka rubuta daga nesa take kai mutane.

Ta yi watanni a Kalaba tana kamun kifi a rafuffuka, tana taya jinyar Turawan da zazzaɓi ya kwantar. Ta kuma shiga ƙasar Okoyong ta ziyarci Mary Slessor, 'yar mishan ɗin Scotland da ɗaliban Najeriya suka sani da yaƙi da kisan tagwaye. Kingsley ba mai son aikin mishan ba ce, amma ta girmama Slessor saboda ta iya harshen Efik, tana zaune cikin mutane, tana yanke shari'a bisa sanin al'adarsu.

A dajin Gabon

A watan Mayu na 1895 ta wuce Gabon, wadda ke hannun Faransa. Ta bi Kogin Ogowe zuwa Lambarene, ta ƙara gaba har inda ruwan ke gudu da ƙarfi a tsakanin duwatsu, ta koyi tuƙa kwalekwale da kanta. A watan Yuli ta ratsa daji da ƙafa daga Ogowe zuwa Kogin Remboue ta cikin ƙasar Fang, mutanen da Turawan bakin teku ke tsoro ƙwarai. A wannan tafiya ce ta rufta cikin ramin da maharba suka haƙa suka kafe da tsinannun itatuwa, kaurin tufafinta ya hana su huda ta.

Dabararta ita ce shiga gari a matsayin 'yar kasuwa. Tana ɗauke da yadi da taba da ƙugiyoyin kamun kifi, tana musanya su da danƙo da hauren giwa, da taimakon kamfanin Hatton and Cookson. Hujjarta mai sauƙi ce. Baƙon da ya zo da bindiga ko da wa'azi ko da littafin rubuta sunaye, mutane kan rufe masa ciki. Wanda ya zo ciniki kuwa kowa ya san abin da ya kawo shi, kuma a wajen tayi da albarka ake sanin halin mutum da abin da yake ɗauka hakkinsa ne. Bafataken Bahaushe da ya kai goro daga Gwanja zuwa Kano ba zai ga wani sabon abu a wannan ba, amma ga jami'an Landan baƙon tunani ne.

Ta kawo kifi sama da iri 60 daga wannan tafiya. Uku daga ciki, waɗanda masana ba su san da su ba a da, an sa musu sunanta, kuma har yau da shi ake kiransu a littattafan kimiyya.

Hawan dutse

Daga Gabon ta zo Victoria, garin da ake kira Limbe tun 1982. Wani ɗan mishan, Alfred Saker, ya kafa shi a 1858 a gindin dutsen, a bakin wani lungun teku mai baƙin yashi. Jamus ta karɓi Kamaru a 1884, kuma a 1892 Jamusawa suka buɗe lambun gwajin itatuwa a garin, wanda yake nan har gobe.

Dutsen yana da masu shi. Mutanen Bakweri sun daɗe suna noma a gindinsa, suna farauta da ɗibar zuma a samansa, suna kiransa Fako, makwabtansu na bakin teku kuma na ce masa Mongo ma Loba. A 1891 suka fatattaki rundunar Jamus a Buea ƙarƙashin jagorancin Kuva Likenye, har kwamandan rundunar, Karl von Gravenreuth, ya mutu a fagen daga. Sai a ƙarshen 1894 Jamusawa suka ci garin, daga nan aka fara ƙwace filayen Bakweri ana mayar da su manyan gonakin Turawa. Watau lokacin da Kingsley ta iso, ba a cika shekara da cin Buea ba. A ɓangaren Turawa kuwa, Richard Burton da masanin tsirrai Gustav Mann sun hau dutsen tun tsakanin 1861 da 1862.

Ta bar Victoria ranar 20 ga Satumba da ayarin 'yan dako. Lokacin bai dace ba ko kaɗan. Wannan yanki yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya: a ƙauyen Debundscha da ke yammacin dutsen ana samun kusan milimita 10,000 a shekara, fiye da ninki goma na abin da Kano ke samu. Suka yi ta tafiya cikin ruwa da santsi har Buea, inda wani jami'in Jamus mai suna Liebert ya sauke ta.

Daga Buea hanya ta shiga kurmi mai duhu, daga nan ta fita fili mai ciyawa, sai kuma baƙaƙen duwatsun da aman wuta ya bari, masu yanka ƙafa. A nan ayarin ya gamu da abin da ba a zata ba. Duk da ruwan da ke zuba, ƙasar sama ba ta riƙe shi, tsotse shi take yi nan take, kuma ba a taho da isasshen ruwan sha ba. Dole ta aika Buea neman agaji. Ga kuma sanyi. Mutanenta 'yan bakin teku ne, ba su saba da iskar da ke kusa da daskarar da ruwa ba, kuma ba su da tufafin da suka dace da ita. Yunƙurin farko ya ci tura, suka dawo sansani.

Ranar 26 ga Satumba ta sake gwadawa. Mutum biyu ne suka bi ta zuwa zangon ƙarshe, su ma sanyi ya kayar da su, ta lulluɓe su da barguna a wata mafaka ta ci gaba ita kaɗai. Ta isa ƙololuwa cikin guguwa da hazon da ya rufe komai. Ta tarar da tulin duwatsu da kwalaben da Jamusawan da suka riga ta suka bari, ta cusa katin sunanta a tsakanin duwatsun, ta juyo. Ta bi ta fuskar kudu maso gabas, hanyar da babu wani ɗan Ingila da ya bi kafin ita.

Babban abin da ya kai ta can, kamar yadda ta bayyana daga baya, shi ne ta hango jerin duwatsun da ke bayan Kalaba, ta fahimci yadda ƙasar take a shimfiɗe. Ba ta ga komai ba. Kwana bakwai na wahala, da jefa rayukan 'yan dako cikin haɗari, ba su ƙara mata sanin ƙasar ko na taƙi ɗaya ba, kuma ba ta ɓoye takaicinta ba. Duk abin da ta sani game da Afirka ta Yamma, wanda ya ba ta bakin magana daga baya, a ƙasa ta same shi: a cikin kwalekwale, a kasuwa, da wurin zaman shari'ar ƙauye.

Gardama da masu mulki

Ta sauka Liverpool a ƙarshen Nuwamba na 1895 ta tarar 'yan jarida na jiranta. A 1897 littafinta na farko, Travels in West Africa, ya fito ya samu kasuwa sosai. Na biyu, West African Studies, ya biyo baya a 1899. Ta zagaya biranen Birtaniya tana gabatar da lacca gaban 'yan kasuwa da masana da ɗalibai.

Ta fara da 'yan mishan. Ta zarge su da ɗaukar kan Ba'afirke tamkar tulun da za a zubar da abin da ke ciki a cika shi da na Bature. Ta kare auren mace fiye da ɗaya a matsayin tsarin zama mai dalilansa, ta nuna irin halin da matan da aka tilasta wa miji ya saki kan shiga idan ya karɓi Kiristanci.

Babbar gardamar ta zo a 1898. Gwamnan Saliyo, Frederic Cardew, ya ɗora harajin sule biyar a kan kowane ɗaki a yankunan da aka shigar ƙarƙashin kariyar Birtaniya a 1896. Sarakuna suka kai koke, ba a ji ba. Yaƙi ya tashi, Bai Bureh ya jagoranci mayaƙan Temne a arewa, ƙasar Mende ma ta ɗauka a kudu. An kashe mutane masu yawa, an ƙona garuruwa, bayan yaƙin kuma gwamnati ta rataye mutum 96. Jami'an Landan sun ɗauki abin a matsayin taurin kan mutanen da ba sa son biyan kuɗi. Kingsley ta rubuta a jaridu cewa ba yawan kuɗin ne ya tayar da mutane ba. A dokar gargajiyar yankin, abin da mutum ke biyan wani kuɗi a kansa duk shekara ba nasa ba ne, na wanda ake biya ne. Saboda haka a idon mai ɗaki, harajin sanarwa ce cewa an ƙwace masa gida, alhali an yi masa alkawarin ba za a taɓa dukiyarsa ba. Sakataren kula da ƙasashen mulkin mallaka, Joseph Chamberlain, ya yi musayar wasiƙu da ita a kan batun. Mai binciken da gwamnati ta tura, Sir David Chalmers, shi ma ya ɗora laifin a kan harajin da yadda aka karɓe shi. Duk da haka Chamberlain ya goyi bayan gwamnansa, haraji ya zauna.

A littafinta na biyu ta soki tsarin mulkin gaba ɗaya. Jami'i ya zo ya yi 'yan watanni, kafin ya koyi gaisuwa da harshen mutane zazzaɓi ya kama shi ko a yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya rushe abin da ya fara. Kuɗin da ake tarawa kuma yawancinsa a albashin jami'an yake ƙarewa. Ta ba da shawarar a bar wa sarakuna da kotunan gargajiya harkokin cikin gida bisa dokokinsu, a kuma sa 'yan kasuwar da suka daɗe a gaɓar cikin majalisar da za ta riƙa tsara manufofi. Ba a karɓi shawarar ba.

Inda ta kauce

Adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Kingsley ba ta taɓa neman Birtaniya ta bar Afirka ba. Mai goyon bayan daular ce, abin da take so shi ne a ci riba ba tare da zubar da jini da ɓarnar kuɗi ba. Aminanta manyan 'yan kasuwa ne irin su John Holt na Liverpool da George Goldie, shugaban kamfanin da ya jefa mutanen Nembe cikin yunwa. Ta kare cinikin barasa da Turawa ke shigowa da ita gaɓar teku, wanda kuɗin fitonsa ke cika baitulmalin gwamnatocin kudu, har ta yi musayar raddi a mujallu da Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga, tsakanin 1897 da 1898, shi yana neman a taƙaita cinikin, ita tana ganin an zuzuta illarsa.

Ta kuma yarda da ra'ayin zamaninta cewa baƙar fata da farar fata jinsi biyu ne daban tun asali, ta yi adawa da ba wa 'yan Afirka ilimin boko irin na Turawa, abin da ya ɓata wa 'yan bokon Legas da Saliyo da dama rai. A gida ma ta ƙi goyon bayan ba wa mata 'yancin jefa ƙuri'a. Mutanen da suka ɗauki kayanta, suka nuna mata hanya a daji da kan dutse, yawancinsu da laƙabin da ta raɗa musu suka shiga littafinta, ba da sunayen da iyayensu suka sa musu ba.

Rasuwarta

Yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Turawan Boer a Afirka ta Kudu a 1899. A watan Maris na 1900 ta shiga jirgi zuwa Cape Town, wani birnin bakin teku da shi ma ke gindin shahararren dutse, Dutsen Tebur. A cikin jirgin ta rubuta wasiƙa zuwa ga editan wata mujalla a Laberiya, tana kira ga 'yan Afirka masu ilimi da su rubuta dokokin gargajiyarsu, musamman na mallakar ƙasa, su bayyana su ga duniya da kansu kafin baƙi su shafe su cikin rashin sani. Ta sha yaba aikin lauyan nan na ƙasar Gana ta yau, John Mensah Sarbah, wanda ya wallafa dokokin gargajiyar Fante a 1897.

Ba yawon dutse ya kai ta wannan karon ba. An tura ta garin Simon's Town, kudu da Cape Town, inda aka mayar da wani barikin soja asibitin fursunonin yaƙi na Boer da zazzaɓin taifod ke kashewa. Ta yi kimanin wata biyu tana jinyarsu cikin ƙarancin ma'aikata da kayan aiki, har cutar ta kama ta. Ta rasu ranar 3 ga Yuni, 1900, tana da shekara 37. Bisa wasiyyarta, a teku aka yi mata makwanci, bayan faretin girmamawa na soja.

Abin da ya biyo baya

A 1901 ƙawarta Alice Stopford Green da wasu suka kafa ƙungiyar nazarin Afirka don tunawa da ita, wadda a yau ake kira Royal African Society, mai fitar da mujallar African Affairs. Makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool tana ba da lambar yabo da sunanta. E. D. Morel, wanda ya jagoranci fallasa ta'asar Sarki Leopold na Beljiyam a Kwango, ya ɗauke ta a matsayin malamarsa. Edward Blyden, masanin nan na Laberiya, ya yi lacca ta musamman a kanta.

Gargaɗinta kuwa sai da aka sake biyan kuɗinsa da jini, a wannan karon a ƙasar da ke kewaye da Fatakwal. Gwamnatin mulkin mallaka ta naɗa sarakunan takarda a garuruwan Ibo da Ibibiyo, inda al'ada ba ta san mutum ɗaya mai irin wannan iko ba. A 1928 aka fara karɓar haraji kai tsaye daga maza. A watan Nuwamba na 1929, a garin Oloko, wani ɗan aiken sarki ya shiga gida yana ƙirga mutane da dabbobi, mata suka fahimci cewa su ma za a sa musu haraji. Dubban mata suka fito daga Aba zuwa Owerri zuwa Opobo, suka rufe kotuna, suka kori sarakunan. Sojoji suka buɗe wuta, mata fiye da 50 suka mutu. Bayan haka ne gwamnati ta umarci jami'anta su shiga ƙauyuka su rubuta rahoto a kan yadda kowace al'umma ke tafiyar da kanta, ta kuma ɗauko masana al'adu, aikin da Kingsley ta nemi a fara da shi shekara 30 kafin nan.

Dutsen da ta hau shi ma ya taɓa zama a ƙarƙashin Najeriya. Bayan an ci Jamus a Kamaru a 1916, Birtaniya ta haɗa Victoria da Buea da mulkin Najeriya, wakilansu suka zauna a majalisar Jihar Gabas a Inugu, har suka fice a 1953, aka ba su tasu majalisar a Buea a 1954. Dubban 'yan Najeriya sun yi aiki a gonakin ayaba da roba da ke gindin dutsen. A ƙuri'ar raba-gardama ta 11 ga Fabrairu, 1961, Kudancin Kamaru ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru, Arewacin kuma ya zaɓi Najeriya, ya zama Lardin Sardauna.

Dutsen bai daina aman wuta ba. Ya yi a 1909 da 1922 da 1959 da 1982, a 1999 kuma narkakken dutse ya gangaro har ya datse hanyar bakin teku a yammacin Limbe, ya sake yi a 2000. Tun 1973 ake gudanar da tseren hawansa daga Buea, inda gwanaye, maza da mata, ke zuwa ƙololuwa su dawo cikin sa'o'i kaɗan, a 2009 kuma aka mayar da babban ɓangarensa gandun daji na ƙasa. Masu yawon buɗe ido kan yi kwana biyu zuwa uku a hanya tare da 'yan jagora na Bakweri, kuma da rani ake hawa, tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da sama ke washewa. Rikicin yankunan masu magana da Ingilishi, wanda ya faro a 2016 daga koken lauyoyi da malaman makaranta cewa ana turo musu alƙalai da malamai da ba su san tsarin shari'arsu da harshen karatunsu ba, ya rage masu zuwa ƙwarai, ya kuma kora dubban mutane gudun hijira zuwa jihohin Kuros Riba da Binuwai da Taraba da Akwa Ibom.

Ma'aikacin da ke rubuta takardar manufa a Abuja a kan haraji ko filaye ko kiwo ko tashin kasuwa yana da taswira da alƙaluma da Kingsley ba ta taɓa mafarkin samu ba. Tambayar da ta yi wa Chamberlain a 1898 ita ce dai ke gabansa kafin ya sa hannu: mutanen da dokar za ta hau kansu, me suka ɗauke ta, kuma wa ya je ya tambaye su? Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike.